ƘARFEN GINDIN JIRGIN RUWA: INDA IDO BA YA KAIWA

Ran 16 ga watan Mayu na shekara ta 2014, wani jirgin ruwa mai tafiya da iska, Cheeki Rafiki, ya kife cikin tekun Atlantika, a kan hanyarsa daga tsibirin Antigwa zuwa Ingila. Mutum huɗu ke ciki, ba a sami ko ɗaya ba. Da sojan ruwa na Amurka suka tarad da jirgin, sai suka ga ƙarfen gindinsa ya cire.

Shi wannan ƙarfe, wanda Faransawa ke ce ma "quille", kwalekwalen kogin Isa ba su da shi. Faffaɗan nauyi ne na dalma ko baƙin ƙarfe, ɗaure ƙarƙashin jirgi da manyan ƙusoshi masu noti. Iska in ta cika ƙyallen sama ta karkata jirgi, nauyin nan ke maido shi tsaye. A tsofaffin jirage ya kan kai sulusin nauyin jirgin duka, ko ya fi.

Masu bincike na Ingila sun fid da rahotonsu a 2015. Sun nuna cewa jirgin ya sha bugun ƙasa a baya, aka gyara, kuma mai yiwuwa nan ne mahaɗin ya yi rauni ba a sani ba.

Saboda haka kowace shekara ake fid da tsohon jirgi bisa tudu, a duba layin da ƙarfe ya haɗu da jiki. Tsaga a wurin, ko jan ruwan tsatsa mai zirarowa, alama ce ruwa ya kai ga ƙusoshi. Abin mamaki, farin ƙarfen da ake yaba ma rashin tsatsa shi ya fi yaudara: inda ruwan gishiri ya kwanta babu iska, sai ya ciwu daga ciki, alhali kansa na ƙyalli. Maƙerin kirki ba ya yarda da kan ƙusa. Sai ya zaro ɗaya ya gani. In ta sirance, a sauke ƙarfen gaba ɗaya, a kankare, a sa sabon danko da sababbin ƙusoshi.

Aikin na da tsada, shi ya sa waɗansu ke toshe tsagar su shafe da fenti. Jirgin da ya bugi dutse kuwa, ko bai yi yoyo ba, a fid da shi nan take.