Tsohuwar IBM PC: Yadda Aka Riƙa Canja Mata Ƙwaƙwalwa Don Ƙarin Sauri

Ran 12 ga watan Agusta, 1981, kamfanin IBM na ƙasar Amurka ya fito da wata kwamfuta ta ɗorawa a kan tebur mai lamba 5150, wadda jama'a suka fi sani da IBM PC. Wata ƙungiyar injiniyoyi ce ta tsara ta a garin Boca Raton na Jihar Fulorida, a ƙarƙashin jagorancin Don Estridge, aka kuma sa wa mafi arharta kuɗi dala 1,565.

Ƙwaƙwalwar wannan na'ura, watau ɗan ƙarfen da ke yin dukkan lissafi, ita ce 8088 ta kamfanin Intel, mai ɗauke da transista wajen 29,000. Ma'adanar aikinta kuwa kilobait 16 ce kacal a mafi ƙanƙanta, ana iya ƙara ta zuwa 64 a kan allon farko. Faifan ajiyarta yana cin kilobait 160, tana kuma da gurabu 5 na soka ƙarin katuna.

Gudun agogonta megahaz 4.77 ne, watau bugu miliyan 4.77 a kowace daƙiƙa. Wannan adadi yana da dalili. An raba bugun wani ƙaramin dutse mai megahaz 14.318 gida uku ne, shi kuma an zaɓe shi domin ya dace da tsarin talabijin mai launi na Amurka. To, da yake sauran sassan na'urar duk da wannan agogo suke tafiya, ƙara masa gudu ba abu ne mai sauƙi ba.

Saboda haka sai masu na'urar suka nemi wata dabara. Wajen tsakiyar shekarun 1980 kamfanin NEC na Japan ya baza ƙwaƙwalwarsa mai suna V20 a kasuwa. Ƙafafunta 40, daidai da na 8088, kowace a mazauninta. Abin da mutum zai yi shi ne ya kashe wuta, ya buɗe akwatin, ya ɓamɓaro tsohuwar a hankali don kada ƙafa ta lanƙwashe, ya danna sabuwar a gurbinta. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da farashin sabuwar na'ura.

Abin mamakin shi ne agogo bai canja ba, amma aiki ya ƙara sauri. Dalili kuwa, V20 tana da transista wajen 63,000, da hanyoyi biyu a cikinta maimakon ɗaya, tana kuma gama lissafin sau da na rabawa cikin bugun da bai kai na 8088 yawa ba. Har ila yau ba ta cin wuta sosai, tana kuma iya kwaikwayon tsohuwar ƙwaƙwalwar 8080.

Amma fa ribar tana da iyaka. Ƙofar da bayanai ke bi tsakanin ƙwaƙwalwa da ma'adana tana nan da ƙuncinta, bit 8 a lokaci guda, faifai kuma yana juyawa yadda ya saba. Don haka mai yawan lissafi shi ne ya fi ganin bambanci, mai buga wasiƙu kuwa da ƙyar zai lura. Galibi ƙarin bai kai sulusi ba. Wanda ke son ninki sai dai ya sayi IBM AT ta 1984 mai ƙwaƙwalwar 80286. Ga marar hali dai, da babu gara ba daɗi.

Wannan kasuwa ba ta yi wa Intel daɗi ba, har maganar ta kai kotu a Kalifoniya a kan zargin cewa NEC ya kwafi umarnin da ke dashe a cikin 8088. A 1989 alƙali ya yanke hukunci cewa doka tana kare irin wannan umarni kamar yadda take kare littafi, amma NEC bai keta haƙƙin Intel ba.

Masu tara tsofaffin na'urori har yanzu suna yin wannan canji. Darasin kuwa ya shafi duk mai niyyar kashe kuɗi a kan kwamfutarsa: kafin ya sayi sabuwar ƙwaƙwalwa, ya fara bincika inda aikin ke maƙalewa, domin ko ingarman doki ba ya sukuwa a lungu.