Aula: Daga Tsakar Gida Zuwa Ajin Makaranta

Ɗalibin da ya taso daga Madrid ya sauka Helsinki, ya ce a nuna masa "aula", zai sha mamaki. A garinsu, aula aji ne mai allo da kujeru. A Finland kuwa, wajen shiga gini za a kai shi, inda baƙi ke jira kafin su wuce ciki. Harufan nan huɗu ba su canja ba, amma kowace ƙasa ta ja kalmar zuwa nata ɗakin.

Kalmar daga Latin ta zo musu, amma Rumawa ma aro suka yi. A Girkanci, "aule" tsakar gida ce, fili marar rufi da katanga ta kewaye, har da inda tumaki ke kwana. Daga baya ta samu ɗaukaka, ta zama fadar sarki da fadawansa, haka kuma ta shiga Latin. Har yau a birnin Trier na Jamus, katafaren zauren da aka gina wa Sarki Constantine wajen shekarar 310 yana tsaye, ana kiransa Aula Palatina.

Jami'o'in Turai, da suka daɗe suna karatu da Latin, su suka riƙe kalmar. A Jamus da Sweden da Holan, aula shi ne babban ɗakin taron makaranta, kuma daga Holan ɗin kalmar ta haye teku zuwa Indonesiya. A Aula ta Jami'ar Oslo, mai ɗauke da manyan zanen Edvard Munch a bango, aka riƙa miƙa kyautar zaman lafiya ta Nobel daga 1947 zuwa 1989. Italiyawa sun ba kalmar aiki uku: aji, ɗakin shari'a, da zauren majalisar dokoki. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda zaure ma daga ƙofar gida ya taso, ga shi yau muna cewa zauren majalisa, muna kuma cewa karatun zaure.

Ni dai, ta Fotugal da Brazil ta fi burge ni. A can bango da rufi duk sun faɗi, aula ta koma darasin kansa. Malami "ba da aula" yake yi, ko a gindin bishiya ko ta intanet. In kuma ɗakin ake nufi, sai an ƙara wata kalma an ce "sala de aula", wato ɗakin darasi.