Uban da ke neman a ba shi ɗansa: abin da zai tarar a gaban alƙali

A garuruwan Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji, idan aure ya mutu, ana gama kwashe kayan ɗaki sai maganar yara ta taso. Abin da aka saba shi ne mace ta tafi da na goye, ranar da ta yaye shi a turo gwaggonsa ko kakarsa ta karɓo shi. Kowa ya haddace cewa ɗa na uba ne. Da wannan haddar maza da yawa ke zuwa kotu su yanko wa tsohuwar matarsu sammaci, sai su ji alƙali yana faɗin abin da ba su taɓa ji ba.

Kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a littattafan da alƙalai ke dubawa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, riƙon yaro bayan saki haƙƙin uwa ne. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Yaye bai yanke wannan haƙƙi ba, shekara bakwai ma ba ta yanke shi ba, duk da yadda ake yawan faɗin haka a majalisa. Maganar kuma ta daɗe. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo yadda Sayyidina Umar ya rabu da mahaifiyar ɗansa Asim, wata rana ya iske yaron yana wasa a Ƙuba ya ɗauke shi, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi suka je gaban Halifa Abubakar. Halifa ya ce a bar mata yaron, Umar bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Inda maza suka fi shan mamaki shi ne ranar da uwar ta sake aure. Uba ya ce shi kenan, ɗana ba zai zama agola a gidan wani ƙato ba. Gaskiya ne aurenta da wanda ba muharramin yaron ba yana kayar da haƙƙinta idan ta tare, amma riƙon ba ya tsallakowa kai tsaye zuwa hannun uba. Kakar yaron ta wajen uwa ce a gaba, sai ƙanwar uwar ko yayarta, sai kaka ta wajen uba, sannan a zo kan uban. Ko da layi ya zo kansa, sai ya nuna akwai macen da za ta kula da yaron a gidansa. Idan kuwa ƙanin uban yaron uwar ta aura, haƙƙinta yana nan daram. Akwai kuma wani tarko: wanda riƙo ya koma kansa, in ya san ta yi aure ya yi shiru har shekara ta zagayo ba da wani uzuri ba, ya zubar da damarsa.

Wannan bai sa uba ya zama ɗan kallo ba. Shi ne waliyyi. Tarbiyya, zaɓen makaranta da aurar da 'ya duk suna hannunsa, kuma ba wanda ke da ikon hana shi ganin ɗansa. Ci da sha, sutura, magani da kuɗin makaranta su ma a wuyansa suke, ko yaron yana ina. A nan ne gizo ke saƙar. Wasu iyaye maza ba su tuna suna son ɗansu kusa da su sai ranar da aka yanka musu kuɗin ciyarwa na wata-wata. Wani kuma lissafinsa damina ne, yaro ya tasa, ya isa noman masara ko korar tsuntsu a gonar shinkafa. Wani ya karɓe shi ne don ya ƙuntata wa uwar, bayan sati biyu ya haɗa shi da allo da ɗan kwano ya tura shi wani gari. Alƙalai sun ga irin waɗannan har sun gaji, shi ya sa tambayar farko takan zama: tun da kuka rabu, me ka kai wa yaron?

Akwai kuma uban da kukansa na gaskiya ne, bai kamata a yi masa kuɗin goro da sauran ba. Ya ga 'yarsa 'yar shekara takwas da farantin talla a kasuwar Kwanar Dangora har bayan magariba, ko ya je ya tarar da ɗansa kwance da zazzaɓi kwana da kwanaki ba wanda ya kai shi asibiti. Shari'a ta gindaya wa mai riƙo sharuɗɗa: hankali, amana, iya kula da yaro, gida mai tsaro, da rashin cutar da za ta iya shafar yaron. Wadda ta rasa ɗaya, ana iya karɓe riƙo daga hannunta. Sai dai kotu ba ta aiki da "an ce". A zo da maƙwabtan da suka gani da idonsu, da katin asibiti, da malamin da zai shaida yaron ya daina zuwa aji. Uban da ke aika kuɗi ya riƙa aikawa ta banki ko a gaban shaidu, ya adana takardar, domin buhun masarar da aka sauke a zaure da dare ba wanda zai tuna da shi ranar shari'a. Zargin banza kuwa, musamman na taɓa mutuncin mace, yana iya juyewa ya zama ƙarar ƙazafi a kan mai yin sa.

Abin da ya fi kowanne haɗari shi ne kwace. A tare yaro a hanyar islamiyya a ɗora shi a babur, ko a ce ya zo hutun Sallah a ƙi mayar da shi. Kotu tana iya ba da umarnin a mayar, kuma daga ranar alƙali ya san irin mutumin da ke gabansa.

Hanyar ba ɓoyayya ba ce. A fara da manyan dangi biyu, da mai unguwa ko dagaci da liman. In abin ya gagara, ofishin Hisba na ƙaramar hukuma yana yin sulhu, kuma duk abin da aka daidaita a rubuta: ranar ziyara, kuɗin wata, wanda zai biya makaranta. In sulhu ya ƙi, sai kotun shari'a, daga nan babbar kotun shari'a, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan sha'anin aure da kula da yara ƙanana. Tun 2023 jihar tana da dokar kare yara da tsohon Gwamna Ganduje ya sa wa hannu. Kiristocin yankin da suka yi auren rajista kuwa, tasu ƙarar Babbar Kotun Jiha take zuwa, a ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda maslahar yaro ce ke gaba da buƙatar uba da ta uwa.