Me Ke Sa Iyakwandishan Yin Ƙanƙara Da Damina?

Duk wanda ya taɓa zuwa saro kaya a Port Sudan ya san yadda iskar Bahar Maliya ke cike da laima, gumi ba ya bushewa a jiki. Mu a Abu Na'ama da Singa da Maiurno, sai damina ta kankama, wajen Yuli zuwa Satumba, muke ɗanɗana irin wannan iska. A lokacin ne masu shagunan magani ke kukan cewa iyakwandishan ta yi ƙanƙara a ciki, amma shago ba sanyi.

Ga yadda abin yake. Bututun da ke cikin na'urar sanyi gare shi, don haka laimar iska ke zama raɓa a kansa, ta bi tiyo ta fita. To idan ƙurar rani ta toshe raga, ko wuta ta yi ƙasa fanka ta rage gudu, ko gas ya tsiyaye, sanyin bututun kan sauka ƙasa da digiri 0, raɓar ta daskare. Ƙanƙarar ta ƙara tare iska, abin ya ci gaba da taruwa. In an bar ta haka, kwamfaresa ce za ta lalace, ita ce kuwa mafi tsada.

Shawararmu: a kashe sanyin a bar fanka har ta narke, kada a sa wuƙa, tana huda bututu. A riƙa wanke raga duk mako 2, a ajiye na'urar a digiri 24. In ta sake daskarewa, a kira mai gyara ya nemo inda gas ke yoyo kafin a ƙara wani. Rigakafi ya fi magani.