Rubutacciyar Gwaninta: Tsarin Bai wa Mataimakan Na'ura Umurni Mai Ɗorewa

1.0 Gabatarwa

Makasudin wannan maƙala shi ne bayyana wata hanya da masana kwamfuta suka fito da ita domin koya wa mataimakan na'ura aiki sau ɗaya, su riƙa yin sa a kowane lokaci ba tare da an sake maimaita musu bayani ba. Abin nufi da mataimakan na'ura a nan shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ake yi wa magana da harshen mutane su amsa, irin su ChatGPT da Claude da Gemini da Copilot. Za a nuna cewa wannan al'amari, ko da yake na fasaha ne, ƙashin bayansa iya sarrafa harshe ne, saboda haka ya shafi ɗaliban harshe kai tsaye.

2.0 Matsalar da ake son magancewa

Mataimakin na'ura yana da ilmi mai faɗi, amma bai san ƙa'idojin aikin wani ofis ko wani sashe na musamman ba. Bugu da ƙari, idan an buɗe sabon zama da shi, galibi ba ya riƙe dukkan abin da aka tsara masa a zaman baya. Don haka mai amfani da shi yakan zama kamar malamin da kullum ake kawo masa sabon ɗalibi, dole ya faro daga baƙi.

Kamfanoni sun yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. A shekarar 2023 ChatGPT ya samar da gurbin rubuta umurni na dindindin. Manhajar Cursor ta yi nata fayil na dokoki, Copilot ya yi nasa, Claude Code kuma yana karanta fayil mai suna CLAUDE.md. Illar wannan iri biyu ce. Ta farko, wanda ya sauya manhaja sai ya sake rubuta komai. Ta biyu, irin wannan umurni ana ɗora shi ne gaba ɗaya a kan mataimakin a kowane zama, ko ana bukatarsa ko ba a bukata, alhali yawan rubutun da zai iya riƙewa a lokaci guda yana da iyaka.

3.0 Yadda kundin gwaninta yake

A watan Oktoba na 2025 kamfanin Anthropic na Amurka ya gabatar da tsarin da ya kira Agent Skills, wanda a wannan maƙala za a kira kundin gwaninta. A watan Disamba na shekarar ya buɗe ƙa'idojin tsarin ga kowa, wasu manhajoji kuma, ciki har da Codex na kamfanin OpenAI da GitHub Copilot da Cursor, suka rungume shi.

Kundin ba wani abu ba ne illa jaka ta kwamfuta mai ɗauke da fayil guda na tilas, SKILL.md, wanda ake rubutawa da zube. A kansa akwai abubuwa biyu: suna, wanda ba zai wuce haruffa 64 ba, da taƙaitaccen bayani, wanda ba zai wuce haruffa 1,024 ba. A ƙasansu ne cikakken umurni yake zuwa. Ana iya ƙara wasu fayiloli a jakar, kamar jerin misalai ko ƙananan manhajoji.

Hikimar tsarin tana cikin matakan karatunsa guda uku. Da farko mataimakin yana ganin suna da taƙaitaccen bayanin kowane kundi kawai, tamkar mai duba katunan ɗakin karatu. Idan aikin da aka ba shi ya dace da wani bayani, sai ya buɗe wannan kundi ya karanta umurnin duka. Sauran fayilolin kuwa ba ya taɓa su sai umurnin ya tura shi gare su. Ta haka ana iya ajiye kundaye da dama ba tare da an cika masa ƙwaƙwalwa ba.

Wurin ajiyar jakar ne yakan bambanta. Alal misali, Claude Code yana neman ta a .claude/skills, Copilot kuma ya fara ne da .github/skills. Amma abin da ke cikinta ba ya sauyawa, sai dai a kwafe ta a kai inda ake so.

4.0 Misali daga ƙa'idojin rubutun Hausa

Mataimakan na'ura sun koyi Hausa ne daga abin da ke intanet, inda ba a faye kiyaye ƙa'ida ba. Shi ya sa sukan yar da lanƙwasa, su rubuta "kasa" a inda ake nufin "ƙasa", ko su raba abin da ya kamata a haɗa. Sashen Hausa zai iya rubuta kundi guda ya tanadi dokoki kamar haka: a kiyaye ɓ da ɗ da ƙ, a haɗa "yana" da "suke" da "yakan", a raba "za su" da "ba ta", a liƙa gajeriyar mallaka, kamar a "gidansa", a ware doguwa, kamar a "gida nasa". Dole kuma kundin ya fayyace ƙasar da ake yi wa rubutun, domin Nijeriya tana amfani da 'y, Nijar kuwa da ƴ.

A nan ne gwanintar mai nazarin harshe take fitowa. Idan taƙaitaccen bayanin ya ce "taimako da Hausa" kawai, mataimakin ba zai san lokacin buɗe kundin ba. Idan kuwa ya ce "a yi amfani da shi duk lokacin da za a rubuta ko a gyara zube na Hausa, musamman wajen raba kalmomi da haɗa su", to an nuna masa aikin da kuma lokacinsa. Haka nan, dokar da aka haɗa da dalili da misali ta fi wadda aka bari tsirara tasiri.

5.0 Abubuwan lura

Kundi ba ya ƙara wa na'ura ilmin da ba ta da tushensa; jagora ne kawai, kuma mataimaki biyu suna iya fahimtar umurni ɗaya ta fuska biyu. Don haka wajibi ne a gwada shi a kowace manhaja. Sannan, tun da kundi yana iya ƙunsar manhajojin da za su yi aiki a cikin kwamfuta, bai kamata a ɗauko na wanda ba a sani ba sai an karanta shi tsaf, kada garin neman gira a rasa ido.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kundin gwaninta ya raba umurni da manhajar da ke bin sa, ta yadda rubutu ɗaya zai yi aiki a wurare da yawa. An kuma ga cewa ingancinsa ya dogara ne ga ingancin rubutun. Ke nan, idan masana Hausa ba su rubuta wa waɗannan na'urori ƙa'idojin harshen ba, za su ci gaba da bin abin da suka tsinta a intanet, masu karatu kuma su ɗauka shi ne daidai.