Gyara da Kiyaye Amfilifaya Mai Kwalba ta Masu Sha'awar Rediyo

A ƙasashen duniya akwai mutanen da hukuma ke ba lasisi su kafa ƙaramar tashar rediyo a gida, su yi ta zance da takwarorinsu na nesa, ba don neman kuɗi ba. Da yake muryar irin wannan tasha ba ta da ƙarfi, sukan haɗa ta da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ta hau eriya. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori da kwalba suke aiki, wadda masu gyara ke kira bawul. Lee de Forest na Amurka ne ya ƙago kwalba mai ƙara ƙarfi a 1906, kuma ko da taransista ta bayyana a 1947, ba ta raba kwalba da wannan aiki ba, saboda kwalba tana da juriya.

Alal misali, akwai SB-220 wadda kamfanin Heathkit ya yi ta sayarwa a shekarun 1970. Kwalabe 2 gare ta, samfurin 3-500Z. Lagwanin kowace kwalba bolt 5 kacal yake bukata, amma farantin da ke cikinta yana ɗaukar kusan bolt 3,000. To, a nan haɗarin yake. Ana tara wannan wuta ne a cikin jerin kwandansa guda 8, su kuwa suna iya riƙe ta bayan an kashe na'ura an zare fulogi. Akwai 'yan razistoci da aka sa don su tsiyaye wutar, amma in ɗaya ya ƙone ba ya ba da sanarwa. Saboda haka ƙa'idar farko ga mai gyara ita ce ya zare fulogi, ya dakata har allurar mita ta sauka, sa'an nan ya sa sanda mai mariƙin roba wadda aka ɗaure da jikin akwatin ya taɓa kan kwandansa, don sauran wutar ta zube. Wanda ya tsallake wannan yana iya rasa ransa nan take.

Game da gyara kuwa, ba a fara zargin kwalba, domin ita ce mafi tsada. Kwandansa da suka shekara 40 sukan bushe, su jawo gurnani a cikin murya, ko su fashe. In za a sauya su, a sauya jerin duka tare da razistocinsu. Daga nan a duba soket ɗin kwalba da makunnin zaɓen zango, inda tartsatsi kan bar tabon ƙuna.

Kiyayewa ta fi sauƙi. Lagwani mai sanyi yana zuƙar wuta da yawa a lokacin kunnawa, don haka ake sa razista da ke rage ta na ɗan lokaci kafin ta shiga gaba ɗaya. Haka kuma ana sa wani razista da fis a hanyar babbar wuta, don in tartsatsi ya tashi a cikin kwalba su tare ɓarnar kafin ta kai ga taransifoma. Wutar lagwani kada ta haura ƙa'ida, gama ƙari kaɗan yana rage kwanan kwalba. Fanka ta riƙa juyawa, a kuma share ƙura, musamman ta hunturu, domin tana toshe iska tana buɗe wa tartsatsi hanya. Daɗin daɗawa, kada a tura sigina sai an tabbatar eriya ta dace, in ba haka ba ƙarfin yakan komo ya dafa kwalba.

Mai haƙurin bin waɗannan ƙa'idodi yakan ci moriyar na'urarsa shekaru masu yawa, ya kuma tsira da ransa.