Hadarin Damina da Ambaliya a Ƙasar Mirriya

1. Gabatarwa

Ƙasar Damagaram ba a san ta da yawan ruwan sama ba. A tashar awon yanayi ta Zinder, wadda ke kimanin kilomita 20 yamma da Mirriya, ruwan matsakaiciyar shekara bai wuce kusan milimita 400 ba. Duk da haka, a ranar 3 ga Satumba 2024 ruwa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19. A wannan damina kusan mutum 400 suka rasu a faɗin Nijar, ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya da rabi, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba.

Manufarmu a nan ita ce mu nuna cewa jimillar ruwan shekara ba ta isa ma'aunin ambaliya ba. Abin dubawa shi ne yadda ruwan yake sauka, da kuma irin ƙasar da yake sauka a kanta.

2. Gumi da asalinsa

Iska biyu ke karɓa-karɓa a kan wannan yanki. Ta farko busasshiya ce, tana fitowa daga Sahara ta arewa maso gabas, ita ce iskar hunturu. Ta biyu tana tasowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da tururin ruwa. Iyakar da suke haɗuwa tana hawa arewa da bazara, ta wuce Damagaram, ta kai ƙarshen hawanta a watan Agusta, sannan ta koma kudu.

Gumin da ke damun mutane kafin ruwa alama ce ta shigowar iska ta biyu. Idan iska ta cika da laima, zufa ba ta bushewa a jiki, shi ya sa zafin yake fin na rani nauyi ko da ma'aunin zafi bai tashi ba. Wannan laima ita ce abincin hadari. Rana tana gasa ƙasa, iskar da ke kanta ta yi zafi ta tashi sama, ta yi sanyi, tururin ya koma ɗigon ruwa. Komawar tasa tana sakin wani zafi da ke ƙara ingiza iskar sama, har gajimaren ya kai tsawon kilomita 15 ko fiye.

3. Dalilin da hadari ke fitowa daga gabas

A nan akwai abin da ke rikita ɗalibai: laima daga kudu maso yamma take zuwa, amma manomi gabas yake duba. Dalili shi ne, a tsawon kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ke kora gajimaren da suka jeru cikin layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, wanda ake kira ligne de grains da Faransanci, yana tafiyar kusan kilomita 50 a awa. Wannan iska tana yin lanƙwasa duk kwana uku zuwa biyar, abin da ke taimaka wa haɗuwar manyan hadura.

Isowar irin wannan hadari tana da matakai uku da kowa ya sani. Da farko iska mai sanyi da jar ƙura. Sai ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa da walƙiya, na rabin awa zuwa awa guda. Daga nan sai yayyafi na wasu awoyi. Mafi yawan ruwan a mataki na biyu yake zuba.

Binciken EPSAT-Niger, wanda ORSTOM da hukumar yanayi ta ƙasa suka soma a kewayen Yamai a 1990, da ayyukan da suka biyo bayansa, sun nuna cewa waɗannan manyan hadura su ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel. A Zinder kuma fiye da kashi biyu cikin uku na ruwan shekara yana sauka ne a Yuli da Agusta. Ke nan hadari biyu ko uku na iya raba shekarar fari da shekarar ambaliya.

4. Ƙasar da ke karɓar ruwan

Milimita ɗaya na ruwa daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Don haka hadarin milimita 50 yana zuba lita 500,000 a kan hekta guda. Tambayar ita ce: ina wannan ruwa zai bi?

A ƙasar Mirriya amsar ta danganta da wuri. Jigawa tana shanye ruwa da sauri. Fako kuwa, inda ɗigon ruwa ya daddaɓe fuskar ƙasa ta yi ɓawo, ba ya sha sai kaɗan. Ga kuma duwatsun Damagaram, waɗanda ke kusa da fuskar ƙasa a wurare da yawa: su ne suka sa Zinder ta daɗe tana fama da ƙarancin ruwan sha, su ne kuma ke hana ruwan sama nutsewa. Abin da bai nutse ba sai ya gangara kwari, ya cika tabkuna da fadamun da lambunan Mirriya suka dogara da su. Albarkar lambu da haɗarin ambaliya hanyarsu ɗaya.

Masana ruwa sun lura cewa bayan farin 1973 da na 1984, kwararar ruwa a kan ƙasa ta ƙaru a sassa da yawa na Sahel, alhali ruwan sama ya ragu, saboda itatuwa da ciyawa sun mutu, fako ya yaɗu. A cikin waɗannan shekaru ne kuma garuruwa suka bunƙasa, aka yi gini a kan hanyoyin ruwan da suka ƙafe, aka cike kududdufai. Ginin ƙasa kuwa ba ƙarfin ruwan yini ɗaya kaɗai ke kayar da shi ba. Idan marka ta jera kwanaki, ruwa ya kwanta a gindin bango, sai ya jiƙe daga ƙasa, soro ya yi nauyi a kan azara, hadari na gaba ya ƙarasa shi.

5. Abin da ya canza

A 2017 Christopher Taylor da abokan aikinsa sun nuna, ta hotunan tauraron ɗan Adam, cewa mafi tsananin hadura a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta hakan da ƙarin zafin Sahara. Ban da wannan, duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na iya riƙe ƙarin tururi na kusan kashi 7 cikin 100. Ruwa ya ɗan dawo bayan shekarun fari, amma ba irin dawowar da dattawa suka sani ba: ya fi zuwa da ƙarfi, da tazara a tsakani.

6. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ganin aiki uku a gabanmu. Na ɗaya, a riƙa auna ruwan awa-awa, ba na yini kaɗai ba, domin milimita 50 cikin awa guda da milimita 50 cikin yini guda ba abu ɗaya ba ne. Na biyu, a zana taswirar tsofaffin hanyoyin ruwa da kududdufai tun dattawan da suka san su suna raye. Na uku, a auna yadda sassaben zamani, wanda ya dawo da gawo a gonakin Mirriya, Magarya da Matamaye, yake rage gudun ruwa. Waɗannan duka bincike ne da ɗalibanmu za su iya somawa a damina mai zuwa.